Daga Bakin Allo: Sirrin Yaro Tsakanin Malam da Iyaye

  A wannan karo zan taɓo wata magana mai nauyi a baki, wadda yawancinmu muka fi son a bar ta a rufe. Ina roƙon dattawa da iyayenmu mata su yi mini gafara idan na ambaci abin da ba a saba ambata a bainar jama'a ba, domin dai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Duk mai sauraron sashen Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje, ko mai duba labarai a wayarsa, ya sha jin rigimar da ake yi a Turai da Amurka game da yaran makaranta da ake kira masu sauya jinsi. Wato yaro ne da aka haifa namiji, sai ya ce shi a ransa mace yake jin kansa, ko kuwa yarinya ta ce ita namiji ce, har su nemi a riƙa kiransu da wani suna a aji. Tambayar da ta raba kan mutanen can ita ce: idan yaro ya faɗa wa malaminsa haka, shin makaranta za ta sanar da iyayensa ko za ta rufa masa asiri? Kuma wa ke da ikon cewa a canza masa suna a takardar kiran suna ta aji?

A Amurka kowace jiha da tata hanyar. A shekarar 2022 jihar Fulorida ta kafa dokar da ta kira ta haƙƙin iyaye a harkar ilmi, wadda ta hana makaranta ɓoye wa iyaye abin da ya shafi lafiyar jiki da ta hankalin 'ya'yansu. A shekarar 2024 kuwa jihar Kalifoniya ta bi ta wata hanya dabam, ta kafa dokar da ta hana hukumomin ilmi tilasta wa malamai su kai wa iyaye irin wannan labari ba tare da yardar yaron ba, abin da ya sa aka yi ta kai ƙara kotu. Haka nan a watan Yuni na 2025 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci a kan ƙarar da waɗansu iyaye Musulmi da Kirista na gundumar Montgomery a jihar Meriland suka shigar, saboda an hana su janye 'ya'yansu ƙanana daga darasin da ake karanta littattafan labarai masu ɗauke da irin waɗannan batutuwa. Alƙalai shida daga cikin tara suka goyi bayan iyayen.

A Kanada, lardin Saskacewan ya kafa doka a watan Oktoba na 2023 cewa ba za a canza wa yaron da bai kai shekara 16 suna a makaranta ba sai da yardar iyayensa. Amma wadda ta fi kusa da mu ita ce Faransa, tun da yake tsarin lakwal ɗinmu na nan Chadi daga can muka gaje shi. A watan Satumba na 2021 ministan ilmi na lokacin, Jean-Michel Blanquer, ya aika wa makarantu takardar umurni mai ɗauke da sharuɗɗa biyu. Na farko, ba a canza wa yaron da bai kai shekara 18 suna a aji sai uwa da uba duka sun amince, kuma takardun jarrabawar ƙasa suna nan da sunan da ke kan takardar haihuwa. Na biyu, idan yaro ya kai wa malami maganarsa a asirce, kada malamin ya garzaya gida da ita sai yaron ya yarda, domin gudun kada a kore shi ko a yi masa lahani.

To, abin da na lura da shi a cikin waɗannan dokoki shi ne wannan. Dokar Fulorida, wadda ta ba iyaye ƙarfi, ta bar wata ƙofa, ta ce makaranta na iya yin shiru idan duk mai hankali zai ga cewa faɗar maganar za ta sa a azabtar da yaron ko a yi watsi da shi. Ta Saskacewan ma ta ce idan ana tsoron cutuwa, a fara haɗa yaron da waɗanda za su taimake shi ya san yadda zai tunkari iyayensa. Ita kuma Faransa, duk da tsayuwar da ta yi wa sirrin yaro, ba ta yarda a taɓa sunansa a bayan idon iyayensa ba. Ke nan ko a can inda rigimar ta yi zafi, kowane ɓangare ya san abokin gardamarsa yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Iyaye suna da haƙƙi, yaro kuma yana da rai da mutuncin da za a tsare.

Na san wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da wannan? Ai maganar Turawa ce, mu a Njamena matsalarmu rashin benci da alli da albashi. Gaskiya ne, a tsawon shekarun da na yi a gaban allo ban taɓa ganin yaron da ya zo ya ce a canza masa suna daga na maza zuwa na mata ba. Amma duk malamin da ya daɗe a aji, in zai faɗi tsakaninsa da Allah, ya taɓa haɗuwa da yaron da tafiyarsa da maganarsa suka yi kama da na mata, ko yarinyar da ba ta da abokan wasa sai maza, ko kuma wanda halittar jikinsa ta zo da wani abu da ya rikita iyayensa. Bambancinmu da mutanen can shi ne su sun rubuta abin da za a yi suna gardama a kansa, mu kuwa ba mu rubuta kome ba, sai kowane malami ya yi abin da ransa ya ba shi. Abin da ran yawancinmu ke ba mu kuwa bai wuce uku ba: ba'a, bulala, ko kau da kai.

A maƙwabciyarmu Nijeriya an ɗan motsa, amma ta fuskar littattafai. A watan Nuwamba na 2022 ministan ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umurnin a cire darasin ilmin jima'i daga manhajar makarantu, yana ganin wannan aikin iyaye ne da malaman addini. A watan Oktoba na 2023 kuma gwamnatin jihar Kano ta haramta amfani da waɗansu littattafai shida a makarantu, bayan ƙorafin da jama'a suka yi cewa suna ɗauke da abin da bai dace da tarbiyyar yara ba. Wannan ya nuna iyaye suna da murya, kuma idan suka ɗaga ta ana ji. Sai dai cire littafi daga aji abu ne mai sauƙi. Yaron da ke zaune a bencin baya, wanda 'yan ajinsu suka laƙaba wa sunan mata, yana nan bai tafi ko'ina ba, kuma babu takardar da ta gaya wa malaminsa yadda zai yi da shi.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da jama'a kan cakuɗa wuri guda. Na farko shi ne wanda Hausawa ke kira mata-maza, wato wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurin magabatanmu. Malaman fiƙihu sun yi masa babi, har ma littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda manyan almajirai ke karantawa a zaurukanmu, da maganar gadon mata-maza aka rufe shi. A mazhabar Malikiyya, wanda al'amarinsa ya rikice ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Dubi yadda malaman da suka gabata suka zauna suka yi wa wannan bawan Allah lissafin haƙƙinsa, alhali mu a yau ko sunan abin ba mu iya faɗa sai da dariya.

Likitoci kuma sun san nau'o'insa. Akwai wanda za a haifi jariri a ɗauka mace ce, a raɗa suna, a yi kitso, a sa ta makaranta, sai lokacin balaga murya ta buɗe, jiki ya juya zuwa na namiji. Akwai kuma wani nau'in da ke tafe da ciwon da ke sa jikin jariri ya riƙa zubar da gishiri, wanda kan iya hallaka shi a makonnin farko idan ba a kai shi asibiti ba. Ƙasar Kenya ta sa irin waɗannan mutane a ƙidayar jama'arta ta 2019, inda aka samu mutum 1,524, sa'an nan dokar yara da ta kafa a 2022 ta ambace su domin a kare haƙƙinsu.

Na biyu shi ne yaron da halittarsa lafiya lau, amma ɗabi'unsa suka karkata. Wani lokaci za ka tarar ya tashi a tsakiyar mata, a gidan da uba ke fatauci, yau yana Kano gobe yana Abeche, sai yaron ya kwashi salon maganar yayyensa da gwaggwanninsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna girma abin ya bar su, waɗansu kuma ba ya barinsu. Hausawa sun daɗe da sanin 'yan daudu, masu sayar da abinci a tasha da bakin kasuwa, kuma wani Ba'amurke mai bincike, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990 ya rubuta littafi a kansu da ya fito a 2009, inda ya nuna da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Amma ɗan shekara tara da ke lanƙwasa hannu in yana magana bai zama ɗan daudu ba. Yaro ne, kuma sunan da manya suka laƙaba masa yana iya zame masa riga har tsufa.

Na uku shi ne wanda ake rigima a kansa a Turai, wato matashin da zai buɗe baki ya ce shi a ransa ba ya jin daidai da jinsin da aka haife shi. Tun da wayar hannu ta shiga kowane gida, kada mu yi tsammanin kogin Shari zai tare mana maganganun da ke yawo a duniya. Ko ba jima ko ba daɗe wani malami a garin nan zai ji irin wannan magana daga bakin ɗalibinsa, in ma ba a riga an ji ba.

Sau da yawa in aka taso da zancen sai wani ya ce ai doka ta hana. Lalle dokar hukunta laifuffuka ta Chadi da ta fara aiki a 2017, a sashe na 354, ta tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara biyu da tarar sefa 50,000 zuwa 500,000 ga wanda ya sadu da mai jinsi irin nasa. To, amma wannan hukunci ne a kan aiki. Bai ce kome ba game da tafiyar yaro, ko siririyar muryarsa, ko halittar da ya zo duniya da ita. Malamin da ya ɗauki wannan sashe ya ɗora wa ɗan firamare ya yi masa ƙazafi. Dokar da ta shafe mu kai tsaye, mu malamai, ita ce doka mai lamba 16 ta shekarar 2006 wadda ta tsara ilmi a ƙasar nan. Ita ta wajabta karatu ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16, ta kuma hana duka da wulaƙanta ɗalibi. Ba ta ware wani yaro ta ce ban da shi ba.

Haka kuma yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara da walwalarsu, wadda aka amince da ita a Adis Ababa a 1990, ta haɗa abubuwan nan biyu a wuri ɗaya. Ta ce yaro yana da haƙƙin a tsare sirrinsa, amma iyaye suna da ikon sa ido a kan halinsa gwargwadon hankali. Ta ɗora nauyin tarbiyya a wuyan iyaye tun farko, ta kuma ce a kowane mataki abin da zai amfani yaron shi za a sa a gaba. Wannan ba Turawa suka rubuta mana ba, shugabannin Afirka ne suka sa hannu.

To, ga ra'ayina. Iyaye suna da haƙƙin sanin halin da ɗansu ke ciki, kuma makaranta ba ta da hurumin ta buɗe wa yaro wata rayuwa ta biyu da gidansu bai sani ba. Malami bai da ikon canza wa yaro sunan da aka yanka masa rago, ko ya mai da shi daga layin maza zuwa na mata da ra'ayin kansa. A nan Chadi maganar ta fi ƙarfi, domin iyaye ne ke riƙe da makarantu da yawa. Tun zamanin yaƙe-yaƙen da suka durƙusar da hukuma, ƙungiyoyin iyayen yara, waɗanda muke kira APE, su ne suka riƙa gina azuzuwa suna ɗaukar malaman al'umma suna biyansu daga aljihunsu, har aka yi shekaru irin waɗannan malamai sun fi rabin masu koyarwa a firamare. Wanda ya gina aji ya biya malami, ba a ce masa ba ruwansa da abin da ke faruwa a cikin ajin.

Amma haƙƙin sani dabam, yadda za a sanar kuma dabam. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda wani abokin aikinmu ya riƙa kiran wani yaro ɗan aji biyar Hajiya, don a yi dariya. Cikin mako guda sunan ya bi makaranta, ya tsallaka unguwa. Da abin ya yi yawa sai aka aika wa uban takarda, aka faɗa masa a tsakar makaranta, gaban malamai da masu sayar da ƙosai, cewa ɗansa ya zama ɗan daudu. Mutumin nan kunya ta rufe shi, ya ja yaron gida ya yi masa dukan da ya kwantar da shi. Yaron bai sake dawowa aji ba. Bayan 'yan shekaru na gan shi a tasha yana wanke kwanuka a wurin masu tuwo. Yaro ne da ya fi kowa iya lissafi a ajinsu. An ce an sanar da uba haƙƙinsa, amma garin gyaran gira an rasa ido, kuma wurin da ake tsoron ya faɗa, can ɗin aka tura shi da hannu biyu.

A wata makarantar kuma na ga yadda wata malama ta bi da nata. Wata ɗaliba ce 'yar shekara goma sha huɗu ta daina magana a aji, ta daina fita wasa, kullum tana rufe da baki da gefen hijabi. Malamar ta lura muryar yarinyar ce ke buɗewa. Ba ta kira darakta ba, ba ta kuma faɗa a ɗakin malamai ba. Ta zaunar da ita ta ce, "'Yata, wannan abu ya fi ƙarfina ni da ke, dole manya su sani. Wa kike so mu fara gaya wa a gida?" Yarinyar ta ce gwaggonta. Malamar ta sa mayafinta ta tafi gidan da yamma kamar mai zuwa gaisuwa. Gwaggon ce ta san lokacin da ya dace da kalmomin da suka dace ta tunkari ƙanenta, uban yarinyar, har aka kai ta asibiti. Abin da likita ya ce da shawarar da dangi suka yanke nasu ne, ba na jarida ba. Abin da zan iya faɗa shi ne karatun bai tsaya ba.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da dokokin Turai ba su san da shi ba. Su in sun ce iyaye, uwa da uba ko wanda doka ta ba riƙon yaro kawai suke nufi. Mu kuwa ɗa na kowa ne. Yara nawa ne a azuzuwanmu ke hannun riƙo, wurin kawu ko baffa ko yaya, iyayensu na can wani gari? Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke sa uwa ko sunan ɗanta ba ta faɗa, balle ta zauna da shi a yi zancen balaga. Amma al'adar da ta sa wannan kunya ita ce kuma ta buɗe wata ƙofa, domin akwai wasa tsakanin jika da kaka, akwai gwaggo da inna da kawu waɗanda yaro ke iya faɗa wa abin da ba zai iya duban idon ubansa ya faɗa ba. Malami mai hankali ta wannan ƙofa yake shiga. Bai ɓoye wa gida kome ba, bai kuma jefa yaro a wuta ba.

Saboda haka ina ba ƙungiyoyin APE na makarantunmu shawara, tun da rigakafi ya fi magani, su zauna da daraktoci su rubuta 'yan ƙa'idoji tun kafin abu ya faru. Da farko, a hana kowane malami laƙaba wa ɗalibi sunan ba'a ko kwaikwayon tafiyarsa, kuma a hukunta yaran da ke tsokanarsa kamar yadda ake hukunta masu faɗa. Na biyu, kowace makaranta ta ware malami ɗaya da malama ɗaya, dattawa masu riƙe sirri, waɗanda irin wannan magana za ta tsaya a wurinsu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na uku, kada malami ya yi wa yaro alkawarin cewa ba wanda zai ji har abada, domin alkawari ne da ba zai iya cikawa ba. Ya gaya masa gaskiya cewa gida za su sani, amma tare za su zaɓi wanda za a fara gaya wa da kuma lokacin.

Na huɗu, a yi maganar a cikin gida ko a ofis a rufe, ban da tsakar makaranta, ban da takardar da za a ba wani yaro ya kai. Malami ya faɗi abin da ya gani da idonsa kawai, kada ya yanke hukunci, domin shi ba likita ba ne, ba kuma alƙali ba. Na biyar, idan akwai alamar cewa abin ya shafi halittar jiki, a ba iyaye shawara su nufi asibiti da wuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan bayanin likita ya nuna sai an gyara takardar haihuwa, wannan aikin iyaye ne ta hanyar kotu, kuma gara a yi shi kafin lokacin jarrabawar BEF ko bakaloriya, don kada suna ya saɓa a takardu. Na shida, idan malami yana da dalili mai ƙarfi na tsoron za a yi wa yaro lahani ko a kore shi daga gida, ya jinkirta, ya nemi wani dattijo a dangin ko limamin da uban ke jin nauyinsa, a shiga tare. Jinkirin kwana bakwai don a sami mai shiga tsakani bai tauye haƙƙin kowa ba.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, ina da magana da ku, domin ni ma uba ne. Haƙƙin da muke nema a wurin makaranta amana ce aka ba mu, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta. Idan muna son malamai su riƙa gaya mana gaskiya, sai mu zama mutanen da za a iya gaya wa gaskiya. Uban da aka san in ya ji abu sai ya ɗauko wayar lantarki, shi da kansa ya toshe bakin malami da na ɗansa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma mai tanƙwara da ƙarfin tsiya karya shi yake yi. Kowane gida yana da ikon ya tarbiyyantar da ɗansa bisa addininsa da al'adarsa, ba mai ƙwace masa wannan. Sai dai tarbiyya tana bukatar yaron ya kasance a gida, yana cin tuwon gidan, yana zuwa makaranta. Wanda aka kora ya kwana a tasha ya fita daga hannunka, ya shiga hannun wanda ba ka sani ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Daɗin daɗawa, mu Hausawan Chadi 'yan kaɗan ne a cikin jama'a mai yawa. Kakanninmu sun zo garin nan tun yana Fort-Lamy, waɗansu a kan hanyar Makka, waɗansu da fatauci, suka zauna da Larabawa da Barebari da Sara da sauran ƙabilu lafiya. Zaman 'yan kaɗan yana sa mutane su riƙa tsoron abin kunya fiye da kima, domin kowa ya san kowa, magana in ta fita daga Ambasatna da safe, kafin azahar ta kai Kuseri. Wannan tsoro ne ke sa a cire yaro daga makaranta a ɓoye shi, ko a tura shi wani gari wurin dangi ba tare da an duba abin da ke damunsa ba. Alhali kuwa al'ummar da ba ta da yawa ita ta fi bukatar kowane ɗa nata ya yi karatu, ko yaya tafiyarsa take.

Ina fata shugabannin APE da 'yan'uwana malamai za su sa wannan magana a ajandar taronsu na gaba, ko da a taƙaice ne. Wanda ke da ra'ayi saɓanin nawa, ko wani abin da ya gani a tasa makarantar, ya rubuto ta hannun edita, za mu buga in Allah Ya so, amma don Allah kada a ambaci sunan yaro ko gidansu ko makarantarsu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, malamai da iyaye baki ɗaya. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa. Ku huta lafiya.